Ɗorin da Aka Hana Ni Kwancewa

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da ke cikin ƙirji ko da mai ƙirjin ya kasa gane shi.

Tafiyar nan mun yi ta ne ba da daɗewa ba bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, lokacin ko lambar motoci ba a gama sakewa ba. Albasa muka ɗauka zuwa Kumasi. An sauke ta daga rudu a Aliero, wato rumbun karan da ake ajiye ta tana shan iska, aka cika buhuna, aka yi lodi a Jega. Kayan na mutum biyu ne: ni Mudi, mutumin Mungadi a ƙasar Maiyama, da Sahabi, yayan matata Rakiya. Shi ya saba da hanyar. Ni kuwa ban taɓa wuce Kamba ba. Noma na sani, sai kuma jan salla a masallacin unguwarmu in liman ba ya nan, shi ya sa ake ce mini Malam.

A Gaya, bayan mun tsallaka iyaka, muka fara daɗewa, muna jiran a duba takardun mota. Muka sayi tuwo a bakin hanya. Na kai loma ɗaya na ce miyar nan ruwa ce aka nuna wa kuka daga nesa.

Sahabi ya ce, "Malam, ci ka yi kurum. Nan ba Rakiya da za ka ce ma gishiri ya yi yawa. Ni ban san yadda ƙanwata taka haƙuri da bakinka ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk Mungadi an san ni da tsegumin miya.

A nan ne kuma direba ya miƙo mana wasu ƙananan ƙwayoyi a takarda. Ya ce wanda zai zauna saman kaya ba ya barci, domin in mota ta rage gudu a hawa ɓarayi kan ɗare ta baya su yanke buhu, wanda kuwa gyangyaɗi ya kwashe sai a tsince shi a kwalta. Sahabi ya ce shi goro ya ishe shi. Ni da nake baƙo, ina son in nuna ni ma namiji ne, na karɓa na haɗiye.

Muka haye gadar Kwara muka shiga ƙasar Binin. Kandi, Faraku, Jugu. Jandarmomi su tsayar da mu, su yi ta Faransanci, direba ya sauka su zagaya bayan mota, mu wuce. Duk tsawon hanyar nan idona bai rufu ba. Zuciyata tana bugawa kamar na yi gudu alhali ina zaune.

A duwatsun Togo abin ya faru, da hantsi. Muna gangara wata doguwar gangara sai na ji direba yana taka birki, birkin yana huci, motar ba ta saurare shi ba. Itatuwa suka fara wucewa da sauri. Sahabi ya kama salati, na kama. Direban, Allah Ya saka masa, da ya ga rami a hagu sai ya karkatar da kan motar ya goga ta da jikin dutse. Ta yi ƙara, ta ɗaga, ta kwanta a gefenta.

Abin da na fara gani shi ne albasa tana gangarawa a kan kwalta, ja jawur, kamar garken da aka buɗe wa ƙofa. Sai na ga wani mutum mai shuɗiyar riga ya tashi daga cikin buhuna yana bin ta yana tsinta. Na tsaya ina kallonsa daga bayan kafaɗarsa. Na ce a raina, wannan bawan Allah bai san an yi haɗari ba ne? Sai da ya juya hannu na ga tabon lauje a babban yatsansa na gane rigata ce, hannuna ne.

Ko ƙwarzane ban samu ba. Sahabi kuwa hannunsa na dama ya karye tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka ce a kai shi asibiti a sa masa siminti. Ya ce, yana haɗa gumi, "Ni ɗan Jega, maƙwabcin Aliero garin masu ɗori, a sa mani siminti? Akwai namu Kumasi, Baba Ango. Ku ɗaure man shi da katako mu tahi."

Aka sami wata mota aka juye abin da ya tsira na kayan. Ni na yi ta ɗaukar buhu, ina amsa sannu, ina godiya. Na ɗauka in na huce zan koma cikin jikina. Ban koma ba.

Ya kamata in bayyana abin sosai, don wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka mantuwa ce ko ruɗewa. Ban manta kome ba. Na san sunana, na san ranar da ake, in aka tambaye ni hanya daga Mungadi zuwa Fagada zan zana ta a ƙasa. Amma muryata in na yi magana kamar daga rediyon maƙwabci take fitowa. Hannuwana kamar na aro. Duniya kuma kamar an sa gilashin mota tsakanina da ita. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da na tuno 'yata Rabi, wadda na baro tana koyon tafiya. Na ga fuskarta sarai, har da ɗan haƙorinta, amma ƙirjina shiru, kamar an nuna mini 'yar wani.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ga dalili. Ina saurayi aka dawo da wani mutumin garinmu, Ɗan'iya, daga kurmi. Ranar kasuwar Jega aka sauko da shi daga saman mota, hannuwansa ɗaure ta baya da igiyar kaya, jama'a sun yi da'ira. Daga nan aka wuce da shi aka sa ƙafarsa a turu, gungumen da ake tsare mahaukata da shi. Kafin wata ya mutu dangin matarsa sun zo sun tafi da ita da 'ya'yanta. Na taɓa jin Sahabi da kunnena yana cewa daidai suka yi, su ma ɗiyarsu ba ta zama gidan wanda aka sa a turu. To ga ni a saman mota ɗaya da shi, ga igiyar kaya a naɗe tsakaninmu. Na ƙudura ko mene ne wannan, da ƙafata zan sauka a Jega, hannuwana a sake.

Kumasi gari ne na ruwan sama da ganye da hayaniya. Muka sauka a zango wurin maigidan Sahabi, wani dillalin albasa, Alhaji Tanko. Haifaffen can ne, Hausarsa ma ta can ce. Kafin mu kwance kaya aka kai Sahabi wurin Baba Ango, wani ɗan tsoho siriri, mutumin Aliero, wanda ya gaji ɗori daga kakanni ya zo da shi nan tun yana da baƙin gashi. Ya ja hannun, Sahabi ya kira sunan uwarsa, aka shafa man kaɗe, aka jera tsagaggen kara, aka naɗe da tsumma. Ya ce kada a taɓa sai shi ya ce. Da haka cinikin kayan ya dawo kaina.

Salla ce ta fara tona ni. In na zo alwala sai in ga hannu yana wanke hannu, ni ina gefe. In ce, to wa ya yi niyya? Wanda ya wanke fuskar nan ba ni ba ne, ashe alwala ba ta yi ba. In sake. In kai ƙafa, shakka ta dawo, in koma farko. Mutane su yi layi da butoci a bakin famfo suna kallona. In na tayar da kabbara kuma sai in ji wani yana karanta Fatiha da bakina, da kyau, ba kuskure, ni ina saurare kamar mamu. In sallame in sake. Wata rana azahar ɗina ta kai ni har kiran la'asar.

Na ɗauki allo na rubuta abin da na sani na neman tsari, na wanke na sha. Ko a nan, alƙalamin nake kallo yana tafiya shi kaɗai daga dama zuwa hagu, rubutun kuwa nawa ne sak.

Sai na shiga gwaji. Da na farka, abin da nake fara yi shi ne in ɗaga hannu in duba: nawa ne yau? In wuce rumfar wanzami in leƙa madubi. In ciji ɗanyar albasa. Idanu su kawo hawaye, ni ina kallonsu suna yi. Na ci gaba da haɗiyar ƙwayar direba, ina bin ta da baƙin shayi, wai ko zan farka. Daga baya na fara ɗaukar garwashi a wurin mai shayi in ɗora a bayan hannuna. Zafin yana zuwa, amma kamar saƙo ne aka kawo wa wani na karɓa masa.

Akwai wata mata 'yar Asante mai sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwar, kowa Anti yake ce mata. Tana da wani baƙin yaji da ko 'yan gari ɗan kaɗan suke taɓawa. Ni kuwa in ta zuba sai in cinye ban ce uffan ba. Ran nan ta ga na daɗe tsaye ina kallon tafin hannuna, kwano na hucewa. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin nata. Ta jawo benci ta zaunar da ni, ta tsoma tsumma a ruwan sanyi ta ɗora mini a wuya, ta koma kan tukunyarta. Ba ta tambaye ni kome ba, ba ta kuma kira kowa ba. Har yau ina sa ta a addu'a, Allah Ya san sunanta.

Alhaji Tanko shi ma ya lura, amma ta wata fuska. Ya jira ranar da zazzaɓi ya kwantar da Sahabi, ya kira ni rumfa. Ya sa aka farke buhu biyu daga waɗanda suka bugu da dutse, ya tura ƙafa cikin ruɓaɓɓiyar.

Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Duk haka suke. Taimako zan yi muku in kwashe gaba ɗaya a farashin wannan, kafin wari ya sa a kore mu."

Na san ƙarya yake yi. Ni na tsince kayan nan da hannuna, na san yawancinsu lafiyayyu ne, wuyansu a bushe. Na ga mai shuɗiyar riga yana kallon albasar, na ce masa a raina, ka ce a'a. Na ji muryar rediyon nan ta ce, "To, Alhaji." Aka tafa.

Da labari ya kai wa Sahabi sai ya taso da zazzaɓinsa. Ya yi faɗa da Alhaji har muryarsa ta dushe, amma an riga an kwashe kaya. Ya dawo kaina.

"Noman shekara guda, Mudi. Nawa da naka. Ka tsaya awa gunki anka yanke mu. Ko haushi ba ka ji?"

Na ce, "Ina ji, Yaya."

"Ƙarya kaka yi. Dibi idonka." Sai ya kama hannuna da hagunsa ya juya. Ya ga ƙunar garwashi a jere. Ya daɗe yana kallo. Da ya sake magana, muryarsa ta yi sanyi, wannan kuwa ya fi faɗan ban tsoro. "Mi as same ka, Malam? Kana cikin hankalinka?"

Na ce tartsatsi ne na wurin mai shayi.

Kashegari da la'asar ina bayan tarin buhuna na ji su shi da Alhaji, sun shirya ke nan a kaina. Alhaji yana cewa akwai wani wuri a daji inda ake ɗaure irina da sarƙa a gindin itace har abin ya fita, zai iya kai mu.

Sahabi ya ce, "A'a. Namu na, ba ni barin shi hannun baƙi. Gida za ni mai da shi. Igiya tana nan. Rakiya kau, sai mu ga abin da tsohonmu yac ce."

Na tsaya a wurin. Ko a lokacin, kamar labarin wani ake yi.

Ranar da za a duba ɗori na raka Sahabi. Baba Ango ya taɓa ƙullin tsumman kawai ya ɗaga kai.

"Wa yak kwance ɗorin ga?"

Sahabi ya sunkuyar da kai. "Dibawa kawai niy yi, Baba, in ga ko ya kama."

"Ka ga ya kama?"

"A'a."

"Sau nawa?"

"Kullum da sahe."

"To kullum da sahe kana mai da aikina baya. Ƙashi cikin duhu shika kamawa. Kai naka ka ci abinci, ka yi kwana, ka bar mani hannu. In ka ƙara taɓa shi, ka tahi a sa maka simintin da kaka gudu." Ya juyo gare ni. "Kai, riƙe man kafaɗatai."

Na riƙe. Yana naɗi, idonsa na kan bayan hannuna. Da ya gama ya ce wa Sahabi ya je bakin titi ya sha iska, zai aiki Malam. Ya rufe ƙofar langalanga, ya zauna a kan turmi.

"Shi hannunai yak karye. Kai mi yak karye?"

Ban san abin da ya buɗe bakina ba. Wataƙila Hausar gida ce da na ji a bakin tsoho. Na gaya masa duka, tun daga albasar da ke gangara a kwalta har igiya. Na ce, "Baba, in hauka ta, ka gaya mani gaskiya."

Ya ce, "Ni ƙashi nis sani, wanga ba aikina ba na. Amma na daɗe ina karɓar mutanen da anka ciro cikin mota. Wanda yak karye shina kuka, a yi mashi sannu. Wanda yaf fito lahiya lau, wani lokaci shi ad da babban ciwo, ba mai ce mashi sannu. Na ga irinka. Tashi mu tahi wurin wanda yas san abin."

Ya kai ni wani asibiti wurin wani likita, mutumin arewacin ƙasar, mai jin Hausa. Sun saba: shi yana turo wa Baba waɗanda suka ƙi siminti, Baba yana tura masa waɗanda ƙashi ya huda fata. Likitan ya haska idona, ya laluba kaina ko na bugu, ya sa na bi layi da ƙafa. Ya tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki. Na zaro ƙwayar direba na nuna masa. Ya karɓa ya jefa a kwandon shara.

Ya ce, "Abin nan sananne ne, yana da suna a wurinmu." Ya faɗi sunan da Turanci, ban riƙe ba. "In tsoro ya fi ƙarfin mutum, hankali yakan ja baya ya bar jiki ya yi aiki, don a tsira. Ga mafi yawan mutane, da an huce yake dawowa. Kai rashin barci da ƙwayar nan suka riƙe shi a can, sai kuma tsoron abin kansa."

Na ce, "Hauka ne?"

"Ba hauka ba ne. Hannun nan na wane ne?"

"Nawa ne. Ji ne ba na yi."

"To ka gani. Sani yana nan, ji ne ya yi nisa. Yakan dawo, amma a hankali, ba kuma zan ce maka ga rana ba."

Ya ba ni maganin da zai taimake ni barci na ɗan lokaci. Ya hana ni ƙwaya da baƙin shayi. Ya ce in abin ya taso kada in yi kokawa da shi, in taka ƙasa sosai, in kira sunan abin da ke gabana da abin da kunnena ke ji, in ci gaba da aikin da nake yi. Ya ce in riƙa dawowa yana ganina. Na ƙarshe ya ce lalle wani nawa ya sani, ɓoyon yana ƙara wa ciwon ƙarfi.

A hanyar komawa na yi wa Baba maganar salla. Ya ce, "Kai am malami, ba ni ba. Amma wa ka tsoron salla ba ta karɓu ba? Wancan da kaka kallo, ko kai?"

Na ce, "Ni."

"To ga mai niyya nan. Alwala guda, salla guda, ka tashi. Madubin ga da garwashin ga da diban hannu da sahe, dut kwance ɗori na. Abin da nig gaya ma surukinka shi nika gaya maka."

A gaban Baba na gaya wa Sahabi. Ya saurara, fuskarsa a ɗaure. Da na gama sai ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali: sunan kakar Rakiya, iyakar gonarmu ta fadama, wa ya yanka ragon sunan Rabi. Na amsa duka. Na ƙara masa da cewa ranar sunan shi ne ragon ya tunkuya ya faɗa cikin kwatami da sabuwar shadda. Baba ya yi dariya har da tari. Sahabi bai yi ba.

Ya ce, "Ɗan'iya ma ya san sunan kowa. Ni ba likita ba na, ƙanwata nika tunani. Muna nan har a kwance man hannu. Randa anka kwance, in diba ka. In ban yarda ba, ka san sauran."

Baba ya ce in riƙa zuwa ina taya shi aiki, tunda ciniki ya ƙare. Na koma mai tsaga kara, mai narka man kaɗe, mai riƙe ƙafar majinyaci in za a ja. Aikin ba ya barin mutum ya tsaya kallon kansa, don in ka yi sakaci ƙato zai shure ka. Na fara barci. Da asuba hannu yakan so ya ɗagu don a duba shi, sai in tura shi cikin buta. Alwala ɗaya. Ruwan sanyi ne, in ce a raina, sanyi. Sallar farko da na yi ban sake ba, na fito masallaci kamar na saci wani abu.

Ba zan ce sauƙi ya zo a jere ba. Wata rana ina riƙe da cinyar wani mai gyaran mota sai na lura tun safe ban ga mai shuɗiyar riga ba. Murna ta sa na tsaya in tabbatar, nan take gilashin ya sauko. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Ka leƙa." Wata rana kuma tun daga farkawa har kwanciya ina bayan kafaɗata. Sahabi yana zaune a ƙofar ɗaki yana bina da ido duk inda na yi, igiyar tana rataye a ƙusa bisa kansa.

Ranar da aka kwance masa ɗori hannun ya fito siriri, fatar ta yi fari, amma ƙashi ya miƙe. Ya motsa yatsu. Mun riga mun sayi ɗan goron da abin da ya rage mana ya iya saye, ga mota za ta tashi zuwa gida. A tasha ya ciro igiyar daga buhunsa. Direba da wasu fatake biyu suna tsaye kusa, na kuwa san ya yi magana da su.

Ya ce, "To, Malam. Ka dawo?"

Da na ce na dawo, da ya fi mini sauƙi. Amma a daidai lokacin ina ganin kaina tsaye a tasha, ƙarami, kamar a majigi.

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. An hana ni dibawa. Wata rana ina nan, wata rana ina nesa. Yau ina nesa. Amma na yi barci, na yi salla sau guda, kuma na san huhun goron ga in ba a ɗaure shi ta ƙasa ba, kahin Jugu ya zube."

Ya dube ni, ya dubi bayan hannuna inda ƙunar ta bushe ba sabuwa. Ya jujjuya igiyar. Fataken nan suka matso taki ɗaya. Sai ya jefo mini ita a ƙirji.

"To ɗaure shi. Hannuna bai da ƙarhi tukuna."

Da muka iso gangarar nan ta Togo, birki ya yi huci, abin ya rufe ni gaba ɗaya. Na dafa buhu na shiga kira a hankali: huhun goro, tamfol, dutse, kukan injin, warin taya. Sai na ji an kama rigata. Sahabi ne, idonsa a rufe, gumi na zuba, yana salati. Na riƙe shi har muka sauka.

Ranar kasuwa muka shiga Jega. Na sauko daga saman mota da ƙafata, igiyar tana naɗe a kafaɗata. Ba wanda ya waiwayo.

Sahabi bai gaya wa tsohonsu kome ba. Rakiya ni na gaya mata, ranar da na isa Mungadi. Ta ce, "To, Allah Shi sawwaƙe," ta miƙo mini Rabi. Na karɓe ta, na ji nauyinta da ɗuminta, sauran kuwa na bar wa Allah, ban leƙa ba. Na koma fadama. Aka yi yafin iri, aka yi dashe, aka shiga ban ruwa. Abin yana zuwa yana tafiya, zuwansa na raguwa, ni kuma na bar ƙirga masa.

Wata rana na dawo daga gona da yunwa, Rabi tana hawa bayana tana jan kunnena, aka ajiye tuwo. Na kai loma ɗaya na ture kwanon.

Na ce, "Rakiya, wannan miya ta ko gishirin kasuwar Jega anka juye? Mutum shi wuni cikin rana shi dawo a ba shi wanga abu?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. Sai na ga tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce, "Tun randa kad dawo nika ƙara shi kaɗan-kaɗan, kana cinyewa kana ce man an gode." Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wanda ya sauka daga mota. "Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

Ashe duk watannin nan da na bar ɗorin a rufe, akwai mai leƙa shi kullum a cikin tukunya. Na ce hanya lafiya lau, alhamdu lillahi. Na kuma ce a sake miya.